Ƙofofin Gidan Hajiya Safiyatu

Da hantsi Hajiya Safiyatu ta shiga ofishin Sufeto Yahuza a Dutse. An sace ƙofofi da tagogin gidanta na unguwar Takur, karo na biyu ke nan.

"Wa ke zaune a gidan?" in ji Sufeto.

"Babu kowa, ranka ya daɗe. Tun da na yi ritaya na koma Kafin Hausa wajen 'yata. So nake in sayar in sayi ƙarami kusa da ita. Amma ka san kasuwar gidaje yanzu, kowa sayarwa yake, babu mai saye."

"Makulli fa?"

"Yana hannun dillalina, Ɗan'inna. Ya ce akwai wani Alhaji a Kano da zai karɓa a rabin kuɗi, in na amince kafin Juma'a."

"Kada ki amince tukuna, Hajiya."

A gidan, Sufeto ya shafa wuraren da aka cire ƙofofin. Ko ɓantarewar siminti babu. Kwance su aka yi a hankali, kamar za a mayar.

Tsakar gida ta bushe ƙamas da zafin bazara. Amma a kusurwa ga ɗan itacen lemo kore shar, an yi masa rami, an zuba takin awaki, ƙasar da danshi.

Ɗan'inna yana tsaye a bakin get, yana kaɗa makullai.

"Yaran unguwa ne, yallaɓai. Ta katanga suke haurowa. Ni rabona da gidan nan tun ƙaramar salla."

Sufeto ya tsallaka titi. Ya ƙwanƙwasa gidan da ke kallonsu, inda wani ma'aikacin sakatariya mai suna Reuben ke haya.

"Ni ma na so in saya, oga," in ji Reuben. "Na gaji da haya. Ranar da zan kai matata ta gani, Ɗan'inna ya kira ni wai an yi sata. Ta ce ba za ta kwana inda ɓarayi suka san hanya ba."

"Kai kake ba lemon nan ruwa?"

Reuben ya yi dariya. "Famfonmu ma sai ya ga dama. Tambayi Mu'az mai garuwa."

Da Sufeto ya same shi, Mu'az ya rantse bai taɓa shiga gidan Hajiya ba.

"To sawun kurar ruwan wa na gani daga get har gindin lemo?" in ji Sufeto.

Mu'az ya sunkuyar da kai. "Ɗan'inna ne ke buɗe mini. Ya ce in rufe bakina, gidansa ne, ya kusa tarewa."

Da la'asar 'yan sanda suka buɗe ɗakin ajiyar da ke bayan shagon Ɗan'inna, a gaban Hajiya. Ga ƙofofin a jingine, an naɗe kowace da buhu don kada fenti ya goge.

"Ina Alhajin Kano?" in ji Sufeto.

Ɗan'inna ya zauna a kan benci.

"Babu wani Alhaji. Ni ne. Tun ina saurayi nake saka mutane a gidaje, yallaɓai, ni kuwa har yau ɗaki biyu nake haya da 'ya'ya bakwai. Da kasuwa ta faɗi, sai na ga in na ƙara tura ta kaɗan, hannuna zai kai."

"Sai ka tura ta a kaina," in ji Hajiya. "Ni da nake aiko maka da gero duk kaka."

Wani kofur ya sa wa Ɗan'inna ankwa.

Har sun kai bakin mota ya juyo.

"Hajiya, lemon nan. Da yamma ake ba shi ruwa, ba da rana ba."

"Zan gaya wa Reuben in ya sayi gidan," ta ce.