Buhun Littattafan Tasi'u

"Wannan ba na soyayya ba ne, Tasi'u!" Furera ta miƙa masa littafin ta kan danga. "Tun shafin farko aka kashe mutum!"

Tasi'u, mai yawo da littattafan haya a keke cikin ƙauyukan Watari, ya yi murmushi.

"Na bincike ne, sanyin idona. Makashin ake nema. Na ban tsoro shi ne mai aljanu, na jarumta yaƙi, na barkwanci kuwa..."

"Shi za ka ba ni. Inna ta daɗe ba ta yi dariya ba."

Shekara biyu ke nan ɓarin jikin Inna Hure ya shanye. Furera ce kaɗai 'yarta. Ita ke juya ta, ita ke karanta mata bayan Azahar.

A shekarar ruwa ya ɗauke da wuri, gero ya bushe a tsaye. Wa zai karɓi hayar littafi da yunwa a ciki? Tasi'u ya sayar da keken.

Ran nan ya zo da buhu a kai, ya dire a zaure.

"Zan tafi kudu haƙar ma'adinai. A ɗaura mana aure, mu tafi tare."

"Inna fa?"

"Matar Kawu Muntaka za ta..."

"Wadda ba ta taɓa leƙo ta ba? Haba masoyina... ka jira kaka mai zuwa!"

"In jira da me, Furera? Dusa ƙannena ke ci!"

Hawaye suka zubo mata. Ya kwance bakin buhun. Littattafansa ne a ciki, kowane iri a ɗaure daban da igiyar rama.

"Na ban tausayi suna ƙasa. Kada ki karanta mata su."

Bai yi wata biyu da tafiya ba Inna ta rasu. Bayan sadakar bakwai Furera ta ba wani direba saƙo: a ce wa Tasi'u ya zo, ta shirya.

Direban ya dawo ranar kasuwa, ya tsaya a ƙofar gida yana murza hula.

"Ki yi haƙuri, Malama. Rami ya rufta da su tun watan jiya. Su shida."

Mata suka wuce gidan su Tasi'u gaisuwa. Babu wadda ta tsaya wajen Furera, tunda ba matarsa ba ce, ko takaba ba ta da ita. Ta yafa mayafi ta bi bayansu, ta durƙusa ta yi wa mahaifiyarsa ta'aziyya kamar kowa.