Kujerar Mai Yanka

Rana ta faɗi, mai ɗinki ta tsayar da kekenta, ta zuba shayi kofi biyu kamar kullum. Ɗaya nata, ɗaya ta ajiye gaban kujerar da ke jikin teburin yanka, kujerar da ta shekara ba kowa a kai.

"Kin ga wuyan rigar nan ya zauna kuwa?" ta tambayi kujerar, ba ta ko ɗago ba.

"Bai zauna ba," aka amsa.

Allurar hannunta ta faɗi. Ba kowa a gidan sai ita da 'yarta budurwa, wadda ke wanke-wanke a tsakar gida.

Kujerar ta aminiyarta ce. Shekara goma sha huɗu ɗaya na yanka, ɗaya na haɗawa, su ci a kwano guda, su raba sirri. Hannun riga ne ya shiga tsakaninsu. Mai yanka ta gajarta shi da yatsa biyu, mai ɗinki ta ce mata a gaban mai kaya idonta ya tsufa. Baki shi ke yanka wuya. Matar ta ja mayafinta ta fita, ta bar almakashinta a tebur. Ban haƙurin minti biyu ya gagari mai ɗinki, amma hira da kujera kowace magariba bai gagare ta ba. Kewa ce ke cin ta, girman kai ya hana ta faɗa.

Daga ranar da kujerar ta amsa, gidan ya canza. Da duhu ya fara shiga sai tsakuwa ta riƙa sauka a kan rufi ɗaya-ɗaya. Almakashi ya riƙa ƙas, ƙas, ba hannu. A kwana na bakwai yarinyar ta shigo ta zauna a kujerar, ta ɗauki kofin ta kurɓa, ta dubi uwarta da idon da ba nata ba. Kwana uku ba ta ci, ba ta tashi daga wurin.

Malamin da aka kira dattijo ne marar gaggawa. Ya zauna a bakin ƙofa yana karatu har yarinyar ta fara rawar jiki. Da ta buɗe baki, muryar aminiyar ce ta fito sak.

"Wa ya aiko ka gidan nan?" in ji malam.

"Gayyata ta aka yi. Shekara guda ana ba ni shayi, ana tambayata shawara. Ba a taɓa karrama ni haka ba."

"Ba da kai ake ba. Saki yarinyar mutane."

"A bar mini kujerar, in sake ta."

"Ko ƙafar kujerar ba za ka samu ba."

Sai muryar ta yi laushi.

"Malam, in na tafi, wa zai riƙa amsa mata?"

Malam ya dubi mai ɗinki. Ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a zanenta. Ya ci gaba da karatu.

"Na tafi," in ji muryar. "Ba nan kaɗai ake ajiye kujera ba."

Yarinyar ta yi atishawa, ta zube a jikin uwarta. "Mama, yunwa nake ji."

Washegari da magariba mai ɗinki ta ɗauko kofi biyu, ta mayar da ɗaya. Gidan ya yi tsit, irin shirun da ta manta. Ta daɗe tana kallon almakashin, sannan ta naɗe shi a ƙyalle ta fita.

Layi huɗu ne kacal tsakanin gidajensu. A ƙofar ɗakin aminiyar, takalmin mutum ɗaya ne kawai. Amma hira ake a ciki.

"Ke dai ba ki da kirki," mai yanka ke cewa, tana dariya ƙasa-ƙasa. "Sha shayinki kar ya huce."

"To, ƙawata," aka amsa.

Mai ɗinki ta san muryar. Tata ce.

Ta dunƙule hannu ta buga ƙofar da duk ƙarfinta.

"Buɗe, 'yar uwa! Kar ki ƙara amsa masa. Ni ce a waje, na zo ba ki haƙuri."