Gudun Malam Khalilu

Ranar da Khalilu ya fara ganinta, usur ne a bakinsa, yara kusan sittin a gabansa suna tsalle a filin makarantar firamare ta Kukar Maje. An sami ruwan shuka, ƙasa sai ƙamshi take, gajimare na tafiya sannu a hankali ta wajen Tsanyawa.

"Malam, don Allah dakata."

Ya juya. Wata budurwa ce tsaye da hijabi ruwan zuma, ludayi a hannunta, idanunta farare tas. Bai san lokacin da usur ɗin ya suɓuce daga bakinsa ba.

"Ka tambaye su ko sun karya kuwa?"

Bai tambaya ba. Satinsa ɗaya ke nan da zuwa daga Rimin Gado, an turo shi cikin wani shiri na koya wa yara motsa jiki da cin abinci mai gina jiki. Shi aka ba wa motsa jikin. Ashe wannan ce Malama Luba, 'yar garin, wadda aka danƙa wa ɓangaren abinci.

Ta dubi yaran ta ce, "Wanda ya karya a gida ya ɗaga hannu."

Hannu tara ne suka tashi. Shekarun tsada ne, kwanon gero ya fi ƙarfin talaka, rumbuna sun yi ƙasa tun kafin a yi shuka.

"Cikin da babu komai ba a girgiza shi, Malam," ta ce tana ɓoye murmushi. "Ka bari su sha kunu tukuna, sai ka girgiza son ranka."

Ya bi ta da kallo har ta shige rumfar girki. Yaran suka samu hutu, shi kuwa zuciyarsa ce ta ci gaba da tsallen.

Daga ranar suka daidaita aiki. Kowace uwa takan aiko da abin da ya sawwaƙa, wata tafin hannu na gero, wata gyaɗa, wata waken suya. Luba ta dama kunu, ta zaunar da yaran ta koya musu abin da ke gina jiki da abin da ke ba da ƙarfi da wanda ke kare lafiya. A bayan aji suka kafa lambu, zogale da rama da alayyahu. In an sha an huta, sai Khalilu ya karɓe su, maza langa, mata 'yar gala-gala da tsallen igiya. Kafin wata biyu gyangyaɗi a aji ya ragu, har hedimasta ya fara yabawa.

Saƙon farko shi ya tura, bayan ya goge ya sake rubutawa har sau biyar.

"Malamar kunu, kin ce jiki na buƙatar abinci kala uku. To zuciya fa? Tawa ta ƙi komai sai ganinki."

Amsa ba ta zo ba sai bayan azahar.

"Sarkin tsalle, wannan darasin ba a makaranta ake bayar da shi ba. Gidanmu ne mai darbejiya a ƙofa. In ka iya sallama, ka zo bayan la'asar."

Haka ya zama ɗan gida a gindin darbejiyar nan. Ta shimfiɗa masa tabarma, ta kawo masa kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, su zauna nesa da juna suna kallon gonaki da suka yi kore shar har inda ido ya tsaya.

"Lubana, in mun yi aure zan shuka miki zogale ya zagaye gidan."

"Wasu ana yi musu alkawarin mota, ni zogale?"

"Ai ke kika ce ya fi nama."

"A aji na faɗa, ba a zance ba," ta ce, ta rufe fuska da hijabi tana dariya.

Da manyansa suka aiko neman izini, mahaifinta Malam Dabo, malamin allo ne kuma manomi, ya ce a ba shi lokaci ya yi bincike kamar yadda aka saba. Ya tura ƙanensa Sama'ilu ya ji ta bakin mutane. Khalilu bai damu ba. Ba ya shan taba, ba ya rasa jam'i, me za a ce?

Sai Luba ta ɗauke wuta. Kwana uku wayarta a kashe, makaranta kuma an yi hutu. Da ya wuce ta ƙofar gidansu, ya ga babur ɗin Basiru, wani ɗan kasuwar hatsi da ya daɗe yana sonta tana ƙi. Khalilu ya koma ɗakinsa, ya rubuta mata.

"In kin sami wanda ya fi ni, ki faɗa min da bakinki. Zan yi miki addu'a ko da ina kuka."

Washegari da hantsi amsa ta shigo.

"Hasken idona, ka cuce ni da wannan zaton. Baba ne ya ce in kashe waya, yanzu ma a ɓoye na kunna. An gaya wa Baffa Sama'ilu wai kana da taɓin hankali. Wai kullum da sassafe kana fita da gudu ta cikin gonaki, ba mai korarka, ba abin da kake bi, kana magana kai kaɗai. Basiru ne ya fara faɗa a majalisa, amma mutum bakwai sun ce sun gani da idonsu. Baba ya ce ba zai ba mahaukaci 'yarsa ba."

Khalilu ya karanta ya yi dariya, can dariyar ta ɗauke. Gaskiya ne, tun yana kwaleji yake gudun safe. Bai taɓa tunanin yadda abin yake a idon mai tafiya gona ba. A garin da ƙato ba ya gudu sai in gobara ta tashi ko bijimi ya tsinke, ga malami guda yana sheƙa gudu hannu rabbana!

Ya ce to shi ke nan, ya daina. Sati guda bai fita ba. Sai ga wani saƙon.

"Masoyi, abin ya ƙara lalacewa. Yanzu cewa ake an kai ka wajen mai magani, ciwon ya lafa, amma irinsa yakan tashi in wata ya tsaya. Ka yi gudu, hauka. Ka daina, shaida. Ni dai na gaya wa Inna, in ba kai ba sai dai in tsufa a rumfar kunu."

Ya daɗe yana kallon saƙon. Tunda barin bai yi magani ba, gara ya koma abin da ya san gaskiya ne. Da gari ya waye ya ɗaura takalminsa ya fita.

Gero ya fitar da kai, raɓa na sheƙi a kan ganye, hanya ta matse tsakanin gonaki. Yana cikin tafiya sai ya hangi farar hula a cikin gero, a tsugune. Ya ja birki. Malam Dabo ne da kansa, ya laɓe don ya gani da idonsa.

Khalilu ya durƙusa har ƙasa, yana haki. "Baba, ina kwana?"

Tsohon ya fito yana kakkaɓe raɓa daga rigarsa, bai ji kunyar an kama shi ba. "Lafiya lau. Wa ya biyo ka?"

"Ba kowa, Baba."

"Me kake bi?"

"Ba komai."

"To ka ji, da bakinka." Ya ƙura masa ido. "Yau nawa ga wata?"

Khalilu ya faɗa, na Musulunci da na Bature.

"Da wa kake magana in kana gudun?"

"Azkar ɗin safe nake yi, Baba."

Malam Dabo ya ce, "Karanto in ji."

Ya karanto tun daga farko, a durƙushe a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa. Tsohon ya gyara masa wuri ɗaya inda bai ja madda yadda ya kamata ba, fuskarsa ta ɗan saki.

"To don me ƙato kamarka zai wahalar da kansa a banza?"

"Baba, mahaifina ɗan tireda ne. Shekara talatin yana zaune wuri guda, hawan jini ya kwantar da shi yana da sauran ƙarfinsa, har ya yi ajalinsa. Likita ya ce zaman ya taimaka wa ciwon. Ku fartanya ke motsa ku, ni alli nake riƙewa. Kuma ba zan ce wa yara su yi abin da ni ban yi ba."

"Allah ya ji ƙansa." Malam Dabo ya shafa gemu. "Jikokina biyu suna makarantarku. Na ga kumatunsu sun ciko a shekarar da manya ke ramewa. Ni na gamsu, lafiyarka lau. Amma ba zan bi gida-gida ina gamsar da gari ba, kuma ba zan yarda a riƙa kiran Luba matar mahaukaci ba."

Khalilu ya buɗe baki zai yi magana, tsohon ya ɗaga masa hannu. Ya sauke fartanyar da ke kafaɗarsa ya miƙa masa.

"Rataya. A garin nan, wanda ya fito da gudu hannu wofi mahaukaci ne. Wanda ya fito da gudu da fartanya a kafaɗa, mai himma ne ya makara zuwa gona. Kuma tunda ka rataya, kada ta yi tafiyar banza. Ga gonata nan, waken da ke ƙarƙashin geron yana son a taɓa shi."

Kafin sati biyu zance ya juya. Matan da ke jan 'ya'yansu gefe in ya taho, su ne yanzu ke cewa, "Kai, Malam Dabo ya yi dacen suruki, ko fitowar rana ba ya jira." Basiru ya sake tayar da maganar a majalisa, aka ce masa, "In hauka ne ke sa mutum sammakon gona, Allah ya ɗora wa 'ya'yanmu."

Luba ta rubuto masa, "Manomina, na ga kantar da ta fito a hannunka. Zan tanadi man kaɗanya. Baba ya ce a turo."

Bayan kaka, da aka cika rumbuna gwargwadon abin da Allah ya bayar, aka ɗaura aure a ƙofar gidan Malam Dabo ranar Asabar da hantsi. Babu almubazzaranci, shekarar ba ta bari ba, sai goro da dabino da fuskoki cike da fara'a. 'Yan makaranta suka yi layi suna tafi da waƙa har bakin zaure.

Da la'asar aka kai Khalilu cikin gida gaisuwar surukai. Luba na zaune gefen Inna, lulluɓe da mayafi, lalle ya kama hannunta ja wur. Ya durƙusa gaban Malam Dabo, ta gefen ido yana ganin yatsunta suna wasa da bakin mayafin.

Tsohon ya dafa kansa ya ce, "Ga ta nan na ba ka, amana. Allah ya ba ku zaman lafiya, ya sa rumbunku kada ya ga ƙasa, ya ba ku 'ya'ya masu albarka da ƙoshin lafiya."

Ɗakin ya amsa da amin. A cikin muryoyin duka, Khalilu ya tsinci wata siririya daga ƙarƙashin mayafi, ta riga kowa faɗa.