Tulu Mai Murfi

Ranar da Shifra ta fara shiga rumfar Natanel maginin tukwane, sojojin Girkawa na ƙona littattafai a bakin kasuwar Urushalima. Tulu ta zo a gina mata, dogo mai murfi. Bawan Allah yana ɗaga ido, sai yumɓun da ke hannunsa ya karkace.

"Haka kake ginin naka?" ta ce, tana danne dariya.

"Sai yau, 'yar kurciya. Ke kika jawo."

Tulu dai ya ƙi ƙarewa, ita ma ba ta gaji da zuwa dubawa ba.

Matsalar ita ce mahaifinta, Hilkiya marubuci. Tun da sarkin Girkawa ya hana kiyaye ranar hutu ta Asabar, dattijon nan ya duƙufa rubuta wahayi: namun daji masu ƙahoni, mala'iku, ranar hukunci. Sunan wani kakan kakanni yake sawa a kai, mulkin Girkawa kuma ya mai da shi dabba don kada su gane. Wanda aka kama da irin wannan, kisa ne kawai.

Da manyan Natanel suka je neman aure, Hilkiya ko tabarma bai sa an shimfiɗa ba.

"Aure? A duniyar da ba za ta kai kakar zaitun ba? Ku tashi!"

Shifra ta sha kuka har ta rame.

Wata safiya sojoji suka fara bincike gida-gida a unguwarsu. Natanel ya iso a guje da jakinsa da tulun. Hilkiya ya zuba naɗaɗɗun fatun da ya yi rubutunsa a kai a ciki.

"Liƙe murfin sosai, yaro. Na 'yan baya ne."

"Waɗanne 'yan baya, Abba?" in ji Shifra. "Kai ka ce babu baya. In ka hana mu aure, wa zai haifi masu karantawa?"

Ana jin dukan ƙofar maƙwabta.

Hilkiya ya dubi tulun, ya dubi 'yarsa, ya kama hannunta ya sa a na Natanel.

"Ku fita ta baya. Zan biyo ku."

A ƙofar gari wani soja ya ƙwanƙwasa tulun da mashi.

"Mene ne a ciki?"

"Kayan amarya ne, ranka ya daɗe," in ji Natanel. "Ga ta nan, kunya ta hana ta magana."

Sojan ya ja tsaki ya kauce.

A wani ƙauye cikin duwatsu aka yi bikin, zaitun ya nuna kuwa. Hilkiya ya ɗaga ƙoƙon ruwan inabi, hawaye na bin gemunsa.

"Ubangiji ya albarkace ku. Ƙarshen yana nan tafe, ban janye ba. Amma kafin ya iso, ku haifa mini masu karatu."