Gangar da Baba Ya Ji

Auta tana guga a falo, amma hankalinta yana can babban zauren da ta fara ganin saurayinta. Makaɗa sittin ne a dandamali, shi yana can baya tsakanin manyan gangunan tagulla. Ya daɗe tsaye shiru, sannan ya ɗaga sanda ya buga sau ɗaya, ta ji bugun har cikin ƙirjinta.

"Auta, rigar tawa za ki ƙona?" in ji Baba.

Ta yi firgigit. "Baba, dama… ya ce yana son zuwa gaishe ka."

"Mai gangar? Ban sa ki makaranta don ki auri makaɗi ba."

"A sitidiyo yake aiki fa, kiɗan finafinai —"

"Kar in ƙara ji."

Ta kira saurayin nata a waya tana kuka. Ya bari ta gama, ya ce, "Rabin aikina jira ne, Auta. In na buga kafin lokaci, na ɓata wa kowa kiɗa. Kada ki saɓa masa."

Shekara biyu suka shuɗe. Masu nema suka zo, ta ba su haƙuri. A cikin wannan lokaci cutar yanar ido ta rufe idanun Baba, sai ya zama kowace la'asar Auta na zaune gefensa gaban talabijin, tana gaya masa abin da ke faruwa a fim.

Ran nan tana cikin bayani ya ɗaga hannu.

"Dakata. Matar nan tsoro take ji, ko? Yanzu kuma ɗanta ya dawo."

"Ya aka yi ka sani, Baba?"

"Gangar ce. Da farko kamar hadari daga nesa, yanzu kamar yayyafi a kan kwano. Na gan su sarai." Ya share ido. "Wanda ya buga wannan ya san zuciyar mutane."

Ta ce, "Shi ne, Baba, mai gangar nan."

Da fim ya ƙare, Baba ya juyo wajenta.

"Bai yi aure ba?"

"Bai yi ba."

"Ce masa ya zo gobe. Na yanke masa hukunci ban saurare shi ba."

Bayan wata uku aka yi aurensu. Da sun yi gaggawa, da sun sami juna sun rasa Baba. Haƙuri ya ba su duka biyun.