Tagar Ɗakin Jego

"Ki ce mata ta buɗe tagar nan."

"Kai ka gaya mata mana, Malam. Ga ta can a madafa."

Ashafa ya dubi wajen madafar, ya kawar da kai. Lauratu ta san ba zai je ba. Mijinta akawu ne a ofishin En'e, ya yi makarantar Midil, yakan tsaya gaban Bature ya yi bayani muryarsa ba ta rawa. Amma tun da aka ɗaura musu aure bai taɓa yi wa mahaifiyarta, Inna Asibi, maganar da ta wuce gaisuwa ba. Daga nesa yake durƙusawa, ita kuma ta amsa tana kallon bango.

Haihuwar fari ce, saboda haka aka dawo da Lauratu gidansu a Zaitawa don wankan jego. Mahaifinta ya tafi fatauci Gwanja, gidan yana hannun Inna. Ita kuwa Inna ba ta wasa da jego. Safe da yamma ta yi wa 'yarta wanka da tafasasshen ruwa da ganyen runhu, ta ɗura mata kunun kanwa, ta kwantar da ita a kan gadon ƙasa wanda ake hura wuta a ƙarƙashinsa. Taga ɗaya ce a ɗakin, ƙarama, ita ma an cusa mata tsummoki an shafe da laka, don kada sanyi ya shiga jikin mai jego.

Damina ce, itacen duk a jiƙe yake. Hayaƙi ya taru a saman ɗakin, da ya rasa hanyar fita sai ya sauko.

"Laure, ina bakin ƙofa ne kawai, dubi idona yadda yake ruwa," in ji Ashafa. "Ke kuma a ciki kike kwana, ke da kika taso da tarin fuka."

"Ai na saba..."

Tari ya katse ta. Ya tsaya yana jira har ya lafa.

"An koya mana a makaranta, hayaƙi a rufaffen ɗaki yana cin huhu."

"An koya muku haihuwa a makarantar?"

"Ba wasa nake yi ba."

"Ni ma haka. 'Ya'ya bakwai Inna ta haifa a kan gadon nan. In na ce ta buɗe, na ce mata ba ta iya ba ke nan. Kana so in faɗa wa wadda ta haife ni haka?"

"To ki dawo ɗakinki."

"Kafin arba'in? Matan unguwar nan su samu abin tauna har shekara ta zagayo?"

 Idonsa ya kai kan jaririn da ke kwance a gefenta, ya yi sauri ya ɗauke. Ɗan fari ne. Mutumin kirki ba ya ɗaukar ɗansa na fari a gaban mutane, ba ya kiran sunansa, ba ya ma nuna ya san an haife shi. Ashafa mutumin kirki ne, duk Ƙofar Wambai an shaide shi.

"Yaron nan... yana shan nono?"

"Yana sha."

Ba gaskiya ta faɗa ba. Tun jiya yake kamawa ya saki, ƙirjinsa yana wani ɗan fito kamar na ɗan tsako.

Ashafa ya bi hanyar da ya sani. Ya aiko gwaggonsa Ladi ta yi magana cikin hikima. Gwaggo Ladi ta zo, ta leƙa ɗakin, ta yaba da zafinsa, ta ce rabon da ta ga jego mai kyau irin wannan tun zamanin iyayensu. Ta sha kunun kanwa ƙwarya guda ta tafi. Ya aiko da buhun gawayi, wai ko hayaƙin zai ragu. Inna ta sa albarka, ta ajiye shi don girki, ta ce gawayi ba ya ratsa ƙashi kamar itace.

Ranar wata Laraba aka wuni ana ruwa. Inna ta ƙara itace, ta saki asabari, ta rataya bargo a bayansa.

Wajen la'asar Lauratu ta ji kanta yana sarawa, jikinta ya yi nauyi, barci mai daɗi yana janta. Ta juya ta ba yaron nono. Bai kama ba. Bai yi kuka ba. Leɓunansa sun canja launi, cikinsa yana lotsawa da kowane numfashi.

Ta so ta kira Inna, muryar ta ƙi fita.

Sai ta ji sallamar Ashafa daga zaure, sannan takunsa a tsakar gida. Ya ɗaga bargon, hayaƙi ya buge shi, ya ja da baya.

"Laure?"

"Malam... ɗauke shi."

Ya waiwaya. Inna tana tsaye a bakin madafa da ludayi a hannu, maƙwabciyarsu Husaina tana gefenta.

"Ɗauke shi, don Allah."

Ashafa ya shiga da takalminsa. Ya sunkuci jaririn ya fito da shi tsakar gida, ya rungume shi a kan farar rigarsa ta ofis.

"Lawal," ya ce. "Lawal. Buɗe ido, ɗana."

Husaina ta rufe baki da gefen mayafi. Ba a taɓa jin irin wannan a Zaitawa ba.

Yayyafi ya sauka a fuskar yaron. Ya ja iska, ya yi tari, sannan ya tsala kuka. Ashafa ya miƙa shi ga Husaina, ya koma ya tallafo matarsa ya zaunar da ita a kan turmi. Daga nan ya ɗauki taɓarya, ya zagaya bayan ɗakin, ya daki tagar har lakar ta zube, ya zaro tsummokin. Hayaƙi ya yi ta fitowa kamar daga bakin murhu.

Inna ba ta dube shi ba. 'Yarta ta duba.

"Wannan shi ne mijin da aka ce yana da kunya?"

"Inna..."

"A gidana, a gaban idona. Ki ce masa ya mayar da abin da ya cire. In sanyi ya shige ki, kumburi za ki yi. Na ga wadda ta yi, ni na wanke gawarta. Ba zan wanke taki ba."

Muryarta ta karye a ƙarshen maganar. Sai a lokacin Lauratu ta lura da hannun mahaifiyarta, duk ƙunar ruwan zafi, da idonta da ya yi ja. Ita ma hayaƙin nan take shaƙa tun ranar da aka haihu.

Ashafa ya riga ya durƙusa a nesa, kansa a ƙasa, taɓaryar tana gabansa. Ƙarfin halinsa ya ƙare, kunyarsa ta dawo.

"Zan yi wankan, Inna," in ji Lauratu. "Zan sha kunun, zan kwanta a gadon har arba'in. Ban fi ƙarfinki ba. Amma ki bar tagar. Yaron nan ba ya iya numfashi, ni ma ba na iyawa. Tsoron ɓata miki rai ne ya hana ni faɗa."

Inna ta daɗe tana kallonta. Ta karɓi jikanta daga hannun Husaina, ta kara kunnenta a ƙirjinsa, ta saurara.  Ta shiga ɗakin, ta janye jiƙaƙƙen itacen, ta ɗebo gawayin nan ta hura shi a waje sai da ya yi ja kafin ta kai ƙarƙashin gado.

Sannan ta ɗauko tabarmarta ta shimfiɗa a gindin tagar.

"Inna, me kike yi?"

"In sanyin ya shigo, ni zai fara tararwa."

A nan ta riƙa kwana har aka yi arba'in. Fiton ƙirjin yaron ya tafi, tarin Lauratu ya ragu. Inna kuwa mura ta kama ta, mai tsanani, kuma ba ta ɓoye wa kowa wanda ya jawo mata ba.

Ranar da Ashafa ya zo ɗaukar iyalinsa, ya durƙusa ya yi mata sannu da jiki. Ta fyace hanci, ta yi magana da Husaina.

"Ki gaya masa na ji sauƙi, ba don halinsa ba. Kuma in matarsa ta sake samun ciki, nan za ta dawo. Ya turo magini tun da wuri ya gyara tagar. Ba na son a ƙara fasa mini bango da taɓarya."