Akwatin Lefe a Kan Motar Marwa

"Wallahi sai na tafi! Ko a ɗankwali zan ƙulle kayana, sai na tafi!"

Rahamatu ce ke wannan faɗa, tana tsaye a tsakiyar ɗaki, zafin Garwa ya jiƙa mata riga sharkaf. Kayan rawarta na zube a kan gado: zanen saƙi, jigida, akayau na ƙafa, da 'yar ƙwaryar da take juyawa a ka. Jakar zubawa ce babu. Inna ta kulle ta a ɗakinta, ta ɗaure makullin a haɓar zane, ta yi tafiyarta gidan suna.

Duk wannan aikin Goggo Hansai ne, yayar mahaifin Iliyasu, saurayin da aka sa musu rana bayan damina. Da sassafe ta faɗo gidan ko gaisuwar kirki babu, ta ce surukar gidan ƙanenta Alhaji Abdurrahman ba za ta je Marwa ta karkaɗa jiki a gaban maza ba. Ta kuma ce Iliyasun ne da kansa ya aiko ta.

Wannan ce ta fi ƙona wa Rahamatu rai. Iliyasu! Mutumin da a filin rawa ya fara ganinta, ya bi ta har ƙofar gida yana in'ina! Yau da ƙungiyarsu ta rawa ta Madam Thérèse ta doke duk 'yan matan Garwa za ta gasar ƙarshe a Marwa, kuma ita ce a gaba, yau ne rawa ta zama abin kunya?

"Ki kwantar da hankalinki, ƙawata," in ji Lauratu daga bakin gado. 'Yar Goggo Hansai ce, kuma kaf unguwar Yelwa an san ita ce uwarta ta so Iliyasu ya aura. "Jaka ce matsalar? Ga akwati can a saman kabad."

Rahamatu ta ɗaga kai.

"Na lefe ne fa..."

"To ba naki ba ne? Moto kawai za ki hau zuwa ajans, wa zai kula?"

Ko yarinyar goye ta san akwatin lefe ba ya fita daga gidan amarya kafin biki, sai in an fasa za a mayar. Rahamatu ma ta sani sarai. Amma fushi ya riga ya toshe mata kai. Ta sauko da shi, ta zazzage atamfofi da leshi a ƙasa kamar wanki, ta danna kayan rawarta ciki, ta hau kai da gwiwa ta rufe.

Ko da ta waiwaya, Lauratu ta sulale.

Hanyar ajans, wato tashar mota, kuwa ta gaban shagon Alhaji Abdurrahman ta bi. Mai moto ya ɗora jan akwatin a gabansa kan tankin babur ɗin yana ƙyalli, suka wuce ta tsakiyar 'yan kasuwa. Babu wanda bai gane shi ba, don da guɗa aka zaga da shi ranar da aka kawo.

A ajans 'yan mata sun cika mota, Gaston mai ganga yana miƙa kaya sama.

"Rahama, vite, yi sauri! Ke kaɗai muke jira," Madam Thérèse ta ce.

Ba ta kai ga amsawa ba ta ji an kira sunanta da ƙarfi.

"Rahamatu!"

Iliyasu ne, ya diro daga moto tun bai gama tsayawa ba, idanunsa jajawur. Goggo Hansai na bayansa a wani, Lauratu na maƙale da ita tana sunkuyar da kai kamar ta Allah.

"Me na yi miki?" ya ce. "Me na yi miki da za ki zaga gari da akwatina? An ce cewa kika yi za ki jefar da shi a ƙofar gidanmu!"

"Wa ya ce?"

Ya kalli Lauratu. Rahamatu ma ta kalle ta, ta yi wata dariya mai ɗaci.

"Sannu, ƙawata. Allah ya saka."

Sannan ta juyo kansa gaba ɗaya.

"Kai kuma har kana da bakin tambaya? Kai da ka aiko a hana ni tafiya!"

"Ni? Wallahi ban aiki kowa ba!"

"Amma ka san za a zo?"

Ya sunkuyar da kai.

"Ka sani ko ba ka sani ba, Iliyasu?"

"Na ji Alhaji da Goggo suna maganar jiya..." ya ce a hankali. "Na ɗauka za ta wuce."

"Ka ɗauka za ta wuce! Kana zaune aka yanke min hukunci, ka kasa buɗe baki! Kullum 'hasken idona, hasken idona', ashe a zaure kawai kake da murya!"

Maganar ta shige shi, don gaskiya ce. Mutanen ajans kuwa sun bar abin da suke yi, har mai shayi ya matso da ludayinsa a hannu.

Goggo Hansai ta ga abin na neman kuɓuce mata, ta gyara mayafi ta shiga tsakani.

"Kay, surutun ya isa! Akwati dai ya fito, gari ya gani. Kayan da suka fito ba sa komawa. Miƙo shi nan, yarinya, kowa ya kama gabansa."

Ta cafki hannun akwatin. Rahamatu ta riƙe gam. Goggo ta ja, ita ma ta ja, sai marfin ya ɓalle. Akayau suka zubo ƙasa kacau-kacau, jigida ta tsinke, ƙwarya ta gangara ƙarƙashin mota.

"Kun gani ko?" Goggo ta ɗaga murya. "Abin da ta zuba a lefen ɗanmu ke nan!"

Rahamatu ta saki akwatin. Hawaye ya cika mata ido, amma ta rantse a ranta ba zai zubo a gaban matar nan ba. Ta fizge ɗankwalinta na sama ta shimfiɗa a ƙasa.

"Ɗauki abinku, Goggo. Ni dai Marwa za ni."

Ta durƙusa za ta fara tattarawa, sai ta ga wani hannu ya riga ta. Iliyasu ne, da farar shaddarsa, gwiwa a ƙasa cikin baƙin man mota. Ya tsince akayau, ya bi duwatsun jigida ɗaya bayan ɗaya, ya kwanta ya zaro ƙwaryar ya goge ta da hannun rigarsa. Duka ya mayar cikin akwatin ya rufe.

"Iliyasu, miƙo shi nan na ce!"

"Ki yi haƙuri, Goggo," ya ce, bai ɗaga murya ba. "Sai an karɓa ake cewa an mayar. Ni kuwa ban karɓa ba."

Gaston ya miƙo hannu zai amsa, Iliyasu ya girgiza kai. Ya ɗora akwatin a kansa, ya kama tsanin mota ya hau, ya ɗaure shi da igiya da kansa. Daga can sama ya dubi jama'a.

"Duk wanda ya ga fitarsa, to ya ga wanda ya ɗora shi! Ni ne! Matata ce za ta gasa!"

'Yan matan mota suka ɗauki guɗa. Goggo Hansai ta tafa hannu tana salati.

"Sai ka zo ka maimaita wa ubanka!" ta ce, ta ja Lauratu suka bar wurin.

Ya sauko yana haki. Rahamatu ta riga ta shige mota, ta zauna a jikin taga, ta kawar da kai gefe.

"Hasken idona..."

"Kada ka kira ni da wannan. Kuma kada ka zaci na huce."

"Ban zata ba."

Direba ya tayar da mota. Ta ɗan saci kallonsa, ta ga yadda shaddar ta lalace. Ta san Alhaji Abdurrahman, ta san babu ɗan da ya taɓa mayar masa da magana. Zuciyarta ta karye, tsoro ya kama ta.

"Yanzu ina za ka?"

"Shago. Zan faɗa masa abin da ya kamata in faɗa jiya."

"In ya ce a fasa fa?"

Motar ta fara tafiya, ya biyo ta yana riƙe da bakin tagar.

"To sai ya fasa da ni a tsaye ina magana. Ke dai ki je ki yi rawarki, Rahama. Ki ɗaga kai da kyau!"

Ya saki tagar. Ta leƙo tana kallonsa, ya juya ya nufi shagon mahaifinsa a ƙafa, ko rigar bai tsaya kaɗewa ba.

"Iliyasu!" ta ƙwala da iyakar muryarta, hawayen ya ɓalle. "Ka zo ka tarye ni in na dawo! Akwatin ya yi min nauyi!"